Tambaya da Amsa: Wai sai an je makaranta ake zama fasto a Baptis?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru a kan makarantun tauhidi na Baptis sun yi yawa, sai na ce bari in haɗa su wuri ɗaya in amsa gaba ɗaya. Na rage tsawon wasu, don wasunku in suka fara rubutu sai sun ba da labarin damina uku kafin su zo kan tambayar, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Baba Malam barka da aiki, ya hidima ya iyali. Ni matashi ne daga wani ƙauye a yankin Sumaila, na gama sakandare ina noma ina kuma taimaka ma mai bishararmu, ni ke karanta Littafi Mai Tsarki ran Lahadi, wani lokacin in ya tafi ɗaya ƙauyen ma ni ake bar ma wa'azin. Inaso in tafi makarantar tauhidi amma babana ya ƙi sam sam, wai shi kira daga Allah yake ba daga aji ba, wai su Bitrus wace makaranta suka yi, kuma wai Baptis ai cocin Yarbawa ce makarantar ma tasu ce zan je in zama bare. Dan Allah a warware min, daga ina makarantun nan suka samo asali kuma su waye ke riƙe da su? Daga ɗanka a Sumaila.

AMSA: Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ka gaishe min da Baba da kyau, kuma kar ka ɗau amsar nan ka je masa da ita da zafi, don rabin maganarsa gaskiya ce, ni ma ina bayansa a kai. A tsarin Baptis makaranta ba ta mai da mutum fasto. Ko digiri nawa ka tara sai wata ikilisiya ta zauna ta ce mun ga kira a kan yaron nan, muna so ya zo ya yi kiwonmu, sannan ka zama fastonsu, ita makarantar ma ba za ta ɗauke ka ba sai ka zo da takardar shaida daga ikilisiyarku. To har nan Baba bai kauce ba.

Inda zan rabu da shi shine cewa wai tunda akwai kira to karatu ba shi da amfani. Wannan gardamar ba a Sumaila aka fara ta ba, 'yan Baptis sun fi shekara 300 suna yinta a junansu. Ɗarikar ta faro ne a 1609 da wasu Turawan Ingila da suka gudu birnin Amsterdam na ƙasar Holan saboda sun ƙi bin cocin gwamnati, jagororinsu John Smyth da Thomas Helwys, su ne suka ce ba a yi wa jariri baftisma sai mutum ya yi hankali ya ba da gaskiya da bakinsa. A Ingila kuwa jami'o'in Oxford da Cambridge ba sa ba wanda ba ɗan cocin gwamnati ba digiri a wancan zamanin, shi ya sa fastocinsu na farko da yawa masu sana'ar hannu ne, da rana suna wurin aiki da dare suna wa'azi. Sai a 1679 wani mutumin garin Bristol mai suna Edward Terrill ya ware dukiyarsa ya ce a riƙe malamin da ya iya Ibrananci da Helenanci, harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su, ya riƙa koyar da samari masu shirin hidima, daga nan kwalejin Bristol ta fito, ita ce mafi tsufa a makarantun Baptis na duniya kuma har yau tana nan.

Ga wanda za ka ba Baba labarinsa, Charles Spurgeon na Landan. Mutumin nan bai taɓa zama a ajin tauhidi ba, yana ɗan shekara 19 aka kira shi fasto a Landan, dubban mutane ke cika wurin wa'azinsa, in da akwai wanda zai ce makaranta ɓata lokaci ce ai shi ne. Amma shi ɗin ne ya buɗe kwalejin horar da fastoci a 1856, kuma sharaɗinsa ba ya ɗaukar saurayin da bai riga ya yi kamar shekara biyu yana wa'azi ba. Kira tukuna, sannan karatu ya biyo baya ya gyara shi. Kai da ake bar ma wa'azin Lahadi ai irinka yake nema.

A kudancin Amurka ma haka aka sha fama. Yawancin masu wa'azin Baptis na karkara manoma ne, kwana shida a gona ran Lahadi su tsaya gaban jama'a, ba albashi ba komai, kuma suna yi wa masu digiri kallon 'yan neman abinci da sunan Allah. Wani malami James Boyce ya tashi a 1856 ya ce a buɗe makarantar da za ta karɓi har wanda bai je jami'a ba, a koya masa Littafi da harshen da yake ji, masu ƙwaƙwalwa sosai kuma a zurfafa da su har su zama malaman gobe, sannan duk wanda zai koyar sai ya sa hannu a takardar bangaskiya don kar ya zo ya koyar da son ransa. A 1859 aka buɗe ta a Greenville, a 1877 ta koma Louisville ta jihar Kentucky inda take har yanzu. Ba zan ɓoye maka ba, su huɗun da suka kafa ta duk sun mallaki bayi, ita kanta babbar ƙungiyar Baptis ta kudancin Amurka a kan rigimar bauta ta ɓalle a 1845, sai a 1995 suka fito fili suka nemi gafara. In ka je makaranta za ka karanta wannan ma, kar ya ba ka mamaki.

Wannan ƙungiyar ce ta turo Thomas Bowen, ya sauka Badagry a 1850, burinsa ya kutsa can cikin ƙasa, ya kai har Ilori a 1855 sarki ya karɓe shi amma bai ba shi izinin zama ba, sai ya dawo ya kafa a Ogbomosho. Kaga dalilin da ya sa cibiyar abin ta zama ƙasar Yarbawa kenan. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 kuɗi ya yanke, Turawan suka watse, 'yan ƙasa ne suka riƙe ikilisiyoyin shekara da shekaru da kansu, to da Turawa suka dawo kasan wanda ya saba riƙe gidansa ba zai yarda a mai da shi yaron gida ba. A 1888 rigima ta tashi a Legas tsakanin Baturen mishan W. J. David da fasto ɗan ƙasa Moses Ladejo Stone, a kan albashin da bai isa ba har Stone ya shiga ɗan kasuwanci, Baturen ya raba shi da aiki ba tare da ya tambayi ikilisiya ba, jama'a suka ce ai wannan ba Baptis ba ce, mafi yawansu suka fice suka kafa tasu. Cikin waɗanda suka fita akwai wanda daga baya ya ajiye sunansa na Turawa ya koma Mojola Agbebi, shi ne ya zama shugaban farko da ikilisiyoyin suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya a 1914 a Ibadan. Sunan ƙungiyar a lokacin ma ƙungiyar Baptis ta Yarbawa ne, sai a 1919 aka mai da shi na Najeriya baki ɗaya. Saboda haka in Baba ya ce cocin Yarbawa ce ba daga sama ya tsinto maganar ba.

Makarantar tauhidin kuwa a 1898 ta fara a Ogbomosho, wani ɗan mishan Charles Edwin Smith ya buɗe ɗan aji na koya wa masu wa'azi. Ta yi ta ƙaura, ta zauna Saki ta zauna Abeokuta kafin ta dawo gida ta kafu, wani Bature Dakta J. C. Pool ya riƙe ta sama da shekara 30, ɗakin karatunsu ma sunansa ne a kai. A 1948 aka haɗa ta da waccan ta Louisville, daga baya ta fara ba da digiri. Amma ka lura da wannan, sai a 1979 aka samu ɗan Najeriya na farko da ya shugabance ta, Dakta Osadolor Imasogie, shekara 81 kenan da kafawa, ƙasa ta yi shekara 19 da samun 'yancin kai. Kuma shi ba Bayarabe ba ne, mutumin Bini ne. Wanda ya gaje shi a 1993, Farfesa Yusufu Obaje, ɗan jihar Kogi ne, shi ne ya zama limamin cocin fadar shugaban ƙasa a zamanin Obasanjo. To ka gaya wa Baba ko a cibiyar tasu ba Yarbawa kaɗai suka riƙe kujerar ba.

Mu nan Arewa ta hanyar dogo Baptis ta iso mana. Jirgin ƙasa ya shigo Kano a 1911, 'yan kasuwa da ma'aikata Yarbawa, da yawansu 'yan Ogbomosho, suka bazu Zariya da Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano, duk inda suka sauka su kafa majami'a su yi sujada da harshensu. Turawan mulki kuma sun hana 'yan mishan shiga ƙasar sarakuna yadda suke so, sai a shekarun 1930 aka ɗan sassauta, ƙungiyar mishan ta SIM, wadda cocin ECWA ta fito daga cikinta, ta shigo ƙauyukan Kano ta hanyar jinyar kutare a irin su Yadakunya, shi ya sa har gobe ECWA ta fi yawa a yankunanmu, ga Angilikan ga Katolika, Baptis daga baya ta shigo ƙauye. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932 ya fito. Bayan yaƙin duniya na biyu ne 'yan Baptis suka gane ba za a yi kiwon mai jin Hausa da Yarbanci ba, aka buɗe makarantar fastoci a Kawo ta Kaduna ana koyarwa da Hausa, ita ce yanzu ta girma ta zama babbar makarantar tauhidi ta Baptis a Arewa, akwai kuma a Jos akwai a Gombi ta jihar Adamawa. Ba sai ka tsallaka Kwara ba.

Shawarata, kar ka tafi ba da yawun Baba ba. Ka sa mai bishara da dattawan ikilisiya su je su same shi da yamma bayan an taso daga gona, ba kai za ka yi ta musu da shi ba, kuma ina zargin ba Bitrus ne damuwarsa ba, hannun da zai rasa a gona ne da tsoron kar ka tafi ka ƙi dawowa. In ka yi masa alkawarin hutun damina a gida za ka yi shi, ka ga yadda maganar za ta sauya.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni Musulmi ne daga yankin Roni a Jigawa, muna zaune da Masihiyawa tun kakanni, maƙwabcina ɗan Baptis ne tare muke zuwa kasuwa. Na san Katolika suna da Paparoma, Angilikan suna da bishop, to su Baptis waye babbansu da in ya yi magana ta zauna? Kuma ƙaninsa ya tafi karatun fasto wai shekara huɗu, me ake karantawa haka, ba littafi ɗaya ba ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, na gode da wannan tambayar, Allah ya bar zumunci. Amsar a taƙaice, babu wani mutum ɗaya da in ya yi magana ta zauna. Baptis ɗin Najeriya ba su da Paparoma ba su da bishop, kowace ikilisiya ita ke da kanta, ko da mutum 30 ne a ƙarƙashin rumfar kara, su za su zauna a taron membobi su kira fasto, su yanke masa albashi, su duba lissafin baiko, in ta kama su sallame shi. Kamar gidajen ƙauye ne, kowa da rumbunsa amma ana haɗuwa a yi gayya. Ikilisiyoyin yanki ɗaya su haɗu su zama asosiyeshan, asosiyeshan da yawa su zama konfarens, dukkansu kuma su haɗu a babban taron ƙasa da suke kira konbenshan, hedikwatarsa na Ibadan. Shugaban konbenshan zaɓensa ake yi kuma yana da wa'adi. A da Turawa ne ke riƙe da ofishin, lokacin ana kiran mai shi babban sakatare, Dakta J. T. Ayorinde ne ɗan ƙasa na farko da ya zama babban sakatare a shekarun 1960, na baya bayan nan akwai Rabaran Samson Ayokunle daga 2011 zuwa 2021, wanda ƙila ka sha jin sunansa a rediyo don ya shugabanci ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN, sai Rabaran Israel Akanji ya karɓa a 2021. Akwai kuma ƙungiyar Baptis ta duniya da aka kafa a Landan a 1905, amma ta zumunci ce, ba ta da ikon cire ko da mai shara a cocin Roni.

Makarantun su ne aikin gayyar da na ce. Ikilisiya ɗaya ba za ta iya riƙe malamai da ɗakin karatu ba, sai kowace ta riƙa tura wani kaso na abin da ta samu, da shi ake tallafa wa makarantu da aikin bishara, a kan kowace makaranta kuma akwai hukumar gudanarwa, ita ke zaɓen shugaba a sa masa wa'adi. Tsarin yana da daɗi yana kuma da ciwo, ni dai a ganina, don inda kowa ke da ƙuri'a to mai kuɗin ikilisiya ko babban gida mai yawan 'ya'ya suna iya juya taro, fasto ya faɗi gaskiya yau gobe a ce an gode da hidima.

Batun karatu, e littafi ɗaya ne, amma kai ma ka san mai haddar Alƙur'ani daban malamin tafsiri daban, sai ya bi ta nahawu da fiƙihu da sauransu. Su ma Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, Sabon Alkawari da Helenanci, mai digiri sai ya taɓa harsunan nan biyu, ga tarihin ikilisiya na shekara 2000, ga tauhidi, ga dabarun wa'azi, ga yadda ake sasanta ma'aurata da zaman makoki da riƙe kuɗin jama'a, a Ogbomosho har sashe guda ne na koyarwa da wani na kiɗa da waƙar sujada. Ana kuma koya musu sanin addinin Musulunci da na gargajiya, don wanda zai zauna a Roni bai san abin da maƙwabcinsa ya yarda da shi ba ai zai yi ɓarna ko bai yi niyya ba.

Bari in ƙara maka da wani abu da ko 'yan Baptis ɗin da yawa ba su sani ba. Thomas Helwys da na ambata a sama, a 1612 ya rubuta littafi ya aika wa Sarki James na Ingila, ya ce sarki ba shi da iko a kan ran mutum da addininsa, tsakanin mutum ne da Allah, kuma bai tsaya kan Kirista ba, ya ambaci Yahudawa da Musulmi ya ce su ma hukuma ba ta da hurumin hukunta su saboda addini. Kurkuku aka jefa shi, a can ya mutu. Makarantunsu na boko ma ba su rufe wa kowa ƙofa ba, marigayi Abiola Musulmi ne amma sakandaren Baptis ta maza da ke Abeokuta ya yi, inda Obasanjo ma ya yi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. 'Yata ce ta dage sai ta je makarantar tauhidi, ni kuma ina tsoro kar ta gama ta rasa abin yi ta kuma rasa miji, don a nan wajenmu ban taɓa ganin mace fasto ba. Ana ma ɗaukar mata kuwa? Daga wata uwa, yankin Tudun Wada.

AMSA: Mama lafiya lau, ya yara. Ana ɗaukarsu, suna zama aji ɗaya da maza suna rubuta jarrabawa ɗaya, wasu ma su ke zuwa na ɗaya. A Baptis ta Najeriya akwai matan da aka keɓe suka zama Rabaran, akwai masu koyarwa a makarantun tauhidin kansu. Su Baptis ɗin kudancin Amurka da suka kawo aikin a shekarar 2000 suka rubuta a takardar bangaskiyarsu cewa kujerar fasto ta maza ce, amma konbenshan na Najeriya cin gashin kansa yake yi, ba ya karɓar umarni daga can. Ƙungiyar mata ta Baptis kuwa tun 1919 take aiki a ƙasar nan.

Sai dai ba zan yi miki daɗin baki ba, tunda ikilisiya ce ke kira, da wuya a yanzu wata ikilisiyar ƙauye a Tudun Wada ko Doguwa ta kira budurwa ta zama fastonta. Ki zaunar da ita ki tambaye ta me take so ta yi da karatun. In koyarwa ce, ko aikin yara da zumuntar mata, ko waƙa, to ta nemi sashen koyarwa, in da hali ta haɗa da NCE don ta iya koyar da darasin addinin Kirista a makaranta, kin san yadda muke ƙarancin malaman nan a Kano. Maganar miji kuma Mama ki bar wa Allah, ban taɓa jin karatun Littafi ya kori mijin kirki ba.

TAMBAYA: Malam, ni dattijon ikilisiya ne a wani ƙauye ta wajen Rogo. Mun tura yaro makarantar fastoci, muka tara dawa da masara muka sayar, zumuntar mata har akuya suka bayar, ya gama karatu ya zo ya yi mana wata biyar sai ga wasiƙa wai wata coci a birni ta kira shi. Ko a wata biyar ɗin ma rabin wa'azinsa Turanci ne tsofaffi suna gyangyaɗi. Yanzu wani yaron ya taso ana cewa a sake turawa, ni kam na ce a kai kasuwa. Ina laifina?

AMSA: Baba ranka ya daɗe, ban ga laifinka ba, an cuce ku kuma duk wanda aka yi wa haka zai ji zafi. Amma kar ku ce kun daina, don in kun daina to har abada sai dai a riƙa turo muku baƙo wanda bai san bambancin gaisuwar suruki da ta aboki ba, shekara biyu ya gudu.

Laifin kashi kashi ne. Akwai na yaron, wanda ya ci dawar gwauraye da marayu ya kamata ko kunya ta riƙe shi shekara uku huɗu. Akwai na makarantun, kuma wannan ina faɗa ne da shugabanninsu ko za su ji haushi. Tunda aka koma neman digiri komai ya koma Turanci, yaro zai shekara huɗu yana rubuta takarda da Turanci yana wa'azin gwaji da Turanci, ya dawo bai san yadda zai faɗi abin da ya koya da Hausar da kakarsa za ta gane ba, alhali makarantar Kawo don masu jin Hausa aka kafa ta tun farko. Shi Dakta Imasogie da ya fara shugabantar Ogbomosho ya yi rubutu a kan irin wannan tun shekarun 1980, cewa tauhidin da aka ɗauko daga Turai yana amsa tambayoyin Bature ne, shi kuma mutumin Afirka in ciwo ya ƙi ji ko haihuwa ta ƙi zuwa sai ya lallaɓa ya koma wurin boka, don ba a taɓa masa abin da ke ba shi tsoro ba. Ku da kuka fito daga gidajen da aka san bori da tsafi kun fi ni sanin wannan. Faston da zai zauna a Rogo dole ya iya magana a kan maita da iskoki da gadon gona da auren 'yarku da ta ga saurayi Musulmi, in makaranta ba ta shirya shi a kan waɗannan ba to birni ta shirya shi, kuma birnin zai tafi. Ya kamata a ce yanzu akwai Hausawa 'yan ƙauyukan nan da suka yi zurfi har suna koyarwa a can suna zama a hukumar gudanarwa, kuma ba za a samu ba sai an ci gaba da turawa.

Sai naku laifin Baba, a yi min afuwa. Nawa kuka yanka masa a wata, kuma ana biya a kan lokaci? Ya dawo da mata ƙila da ɗa, ba gona ba ɗaki mai kyau. Rigimar 1888 da na ba ɗanmu na Sumaila labari ai a kan albashin fasto ta tashi, ba yau aka fara ba.

In za ku sake turawa ku zaɓi wanda ya riga ya kafu, mai mata mai gona a garin, wanda kun ga hidimarsa shekara da shekaru, ba wanda ya rasa gurbin jami'a yake neman mafita ba. Ku tura shi da matarsa in da hali, makarantun fastoci da yawa suna da ajin matan ɗalibai. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shugaban asosiyeshan cewa zai yi muku shekara kaza bayan ya gama, in ya fasa ikilisiyar da ta ɗauke shi ta biya ku abin da kuka kashe, ku sa hannu shi ma ya sa. Duk hutu ya dawo ya yi wa'azi da Hausa ku kuma ku gyara masa ba kunya. Sannan ku ware gonar fasto ku riƙa yi mata gayya, don abin da baikon ƙauye ba zai iya ba buhun masara zai iya.

TAMBAYA: Malam in na yi digiri a makarantar tauhidi zan je bautar ƙasa kuma gwamnati za ta ɗauke ni aiki da shi? Daga wani ɗalibi a Gwaram.

AMSA: Ɗana ya danganta da takardar. Akwai digirin da makarantar ke bayarwa da sunanta, wanda ƙungiyar tantance makarantun tauhidi ta Afirka wato ACTEA ko ita ɗarikar ta amince da shi, wannan a coci yana da daraja har ka ci gaba da karatu da shi a wasu makarantun tauhidi. Akwai kuma wanda ake yi ta hanyar haɗin gwiwa da wata jami'ar da hukumar jami'o'i ta ƙasa wato NUC ta sani, shi ne gwamnati ke kallo, kuma hukumar bautar ƙasa ta NYSC ba ta tura wanda sunansa bai bi ta JAMB ba. Baptis suna da jami'arsu ta Bowen a garin Iwo na jihar Osun, amma kar ka ɗauka duk kwas ɗin da ke makarantar Baptis a ƙarƙashinta yake. Kafin ka biya ko sisi ka je ofishin rajistara da ƙafarka ka tambaya, wannan kwas ɗin da wace jami'a aka haɗa shi, sunan wa zai fito a kan takardar, 'yan bara sun tafi bautar ƙasa ko ba su tafi ba, kuma ka nemi ɗaya daga cikin 'yan baran ka ji daga bakinsa.